Masu Jinya a Ɗakin Kulawa ta Musamman: Abin da Bincike Ya Nuna

A ranar 25 ga watan Agusta na shekarar 2019, motocin ɗaukar marasa lafiya suka yi ta kai da komowa tsakanin garin Takoma Park da unguwar White Oak, a jihar Maryland ta ƙasar Amurka, suna kwashe majinyata daga tsohon asibitin Washington Adventist zuwa sabon ginin da aka yi masa, tafiyar kimanin kilomita 10. Takoma Park ƙaramin gari ne mai yawan itatuwa wanda ke manne da birnin Washington ta wajen arewa, kuma asibitin ya shekara 112 a cikinsa, tun daga 1907 sa'ad da mabiya ɗarikar Kirista ta Adventist suka buɗe shi a bakin rafin Sligo. A irin wannan ƙaura, babu wanda ya kai wuyar ɗauka kamar mutumin da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman, wanda a ƙasar Hausa wasu kan kira ɗakin gobe-da-nisa. Na'ura ce ke yi masa numfashi, magani kuma yana shiga jijiyarsa ɗigo-ɗigo ba yankewa, saboda haka ba a gusar da shi ko taku ɗaya sai da nas a gefensa, idonta a kansa.

Ba a cika shekara guda da wannan ƙaura ba sai annobar korona ta auko, aka sāke buɗe tsohon ginin na Takoma Park a shekarar 2020 domin kwantar da waɗanda cutar ta kama. A cikin watannin nan ne asibitocin duniya suka gane cewa ana iya samar da gado da na'ura cikin mako guda, amma ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya sai an yi shekaru ana horar da ita. Wannan kuwa shi ne abin da bincike ya daɗe yana nunawa, watau rayuwar majinyaci mai tsananin ciwo ta dogara ƙwarai a kan yawan masu jinyarsa, da zurfin iliminsu, da ikon da aka ba su na yin magana, da kuma waɗansu ƙananan ayyuka da suke maimaitawa dare da rana.

Takoma Park wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan al'amari. A cikin garin akwai Jami'ar Washington Adventist da reshen Kwalejin Montgomery, dukansu biyu suna horar da ma'aikatan jinya. Kusa da shi ta yamma akwai garin Bethesda, mazaunin Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasar Amurka, inda aka kafa sashen binciken aikin jinya a 1986, aka ɗaga shi ya zama cibiya mai zaman kanta a 1993. Tafiyar kamar awa guda a mota kuma ga birnin Baltimore, wanda ke da babban rabo a tarihin wannan fanni.

Asalin ɗakin

Tun a yaƙin Kirimiya, a 1854, Florence Nightingale ta ’yar Ingila takan sa a kwantar da sojojin da suka fi jin jiki kusa da inda masu jinya suke zama, domin a riƙa ganinsu kowane lokaci. A 1923 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Walter Dandy ya keɓe ɗaki mai gado 3 a asibitin Johns Hopkins na Baltimore, ya sa zaɓaɓɓun ma'aikatan jinya su tsare waɗanda aka yi wa aiki. Amma abin da ya haifi ɗakin kamar yadda aka san shi yau shi ne annobar shan inna da ta faɗa wa birnin Kopanhagan na ƙasar Danmak a 1952. Daga cikin mutum 31 na farko da cutar ta shanye musu naman numfashi, 27 suka mutu. Sai likita Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a zura bututu, a riƙa tura iska cikin huhu da jakar roba. Da yake babu isassun na'urori, ɗaliban likitanci kimanin 1,500 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna matsa jakar da hannu, dare da rana, har tsawon makonni, nan take kuwa mace-mace suka ragu da fiye da rabi. A 1958 Peter Safar ya buɗe irin wannan ɗaki a asibitin birnin Baltimore. Duk wanda ya dubi wannan tarihi zai ga cewa tun farko an gina ɗakin ne a kan mutum mai zama kusa da majinyaci, na'ura daga baya ta zo.

Majinyata nawa ga nas ɗaya

Tambayar farko da masu bincike suka yi ita ce ko yawan ma'aikatan jinya yana da nasaba da mutuwa ko rayuwa. A 2002 Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania, wadda ita kanta nas ce, ta buga sakamakon nazarin asibitoci 168 da majinyata fiye da 232,000 da aka yi wa tiyata. Ta gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyin da ke kanta, haɗarin mutuwar majinyatanta cikin kwana 30 yakan ƙaru da kashi 7 cikin 100. A 2014 ita da abokan aikinta suka maimaita nazarin a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, suka sami wannan adadi daidai, suka kuma ga cewa asibitocin da suka fi yawan ma'aikatan jinya masu digiri sun fi ƙarancin mace-mace.

Waɗannan nazarce-nazarce sun shafi ɗakunan kwanciya na yau da kullum ne. Game da ɗakin kulawa ta musamman kuwa, wani bincike da aka yi a ɗakuna 8 na birnin Lyon a Faransa, aka buga a 2015, ya bi diddigin ma'aikata canjin aiki bayan canjin aiki, ya nuna cewa duk lokacin da aka bar wa nas 2 majinyata fiye da 5, haɗarin mutuwa yakan ninka sau uku da rabi. Ƙa'idar Ingila kuwa ita ce nas ɗaya ga kowane majinyacin da ke kan na'urar numfashi, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta sa a doka cewa kada a ba nas fiye da mutum 2 a irin wannan ɗaki.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ciwo mai tsanani ba ya kan kayar da mutum farat ɗaya. Yakan fara da ’yan alamu, kamar numfashi ya ƙara sauri, ko fitsari ya ragu, ko yatsu su yi sanyi, ko mai magana ya soma sambatu. Likita yakan zagayo ya duba ya wuce, amma nas tana nan har awa 12, ita ce ke ganin waɗannan alamu tun suna ƙanana. In an raba hankalinta gida huɗu, sai alamar ta wuce ba a gani ba, har ta zama abin da ba ya gyaruwa.

Ikon tsayar da likita

Yawancin masu tsananin ciwo akan zura musu siririn bututun roba cikin babbar jijiya ta wuya ko ta ƙirji, domin ba su magani da ƙarin ruwa. Bututun nan hanya ce ta ceton rai, amma kuma ƙofa ce da ƙwayoyin cuta kan bi su shiga jini. A farkon shekarun 2000, likita Peter Pronovost na Johns Hopkins ya rubuta matakai 5 a takarda guda: a wanke hannu, a rufe majinyaci da mai aikin da tsabtataccen mayafi da safar hannu da takunkumi, a goge fata da maganin kilohekzidin, a guje wa jijiyar matsematsi, a kuma cire bututun da zarar an gama bukatarsa. Babu likitan da bai san waɗannan ba, amma cikin gaggawa akan tsallake ɗaya ko biyu. Sabon abin da aka kawo shi ne shugabannin asibiti suka ba ma'aikatan jinya izinin tsayar da aikin in sun ga an tsallake mataki, kome girman likitan.

Aka gwada wannan tsari a ɗakuna 103 na jihar Michigan, aka buga sakamakon a 2006. Kafin gwajin, akan sami kamuwar jini sau 7.7 a kowane kwana 1,000 da bututu ya yi a jikin majinyata. Bayan wata 18 adadin ya sauko zuwa 1.4. Ba a sayi sabuwar na'ura ba, ba a ƙirƙiro sabon magani ba.

Haka abin yake game da ciwon huhu da kan kama masu kwance a kan na'urar numfashi. Wani gwaji da aka yi a birnin Barcelona, aka buga a 1999, ya nuna cewa ɗaga kan gado yadda majinyaci zai kishingiɗa, maimakon ya kwanta shame-shame, yana rage wannan ciwo ƙwarai, domin yana hana abin da ke cikin tumbi ya gangaro cikin huhu. A ƙarshen 2023 kuma waɗansu masana a Boston suka tattara gwaje-gwaje 15, suka ga cewa goge wa majinyaci haƙora kullum yana rage ciwon huhu, har ma da mace-mace a ɗakin. Buroshi da man goge baki ba su kai kuɗin kwalbar magani ɗaya ba, sai dai suna bukatar hannun da ke da lokacin yin aikin.

Barci da ruɗewa

Shekaru da dama likitoci sun ɗauka cewa tausayi shi ne a dulmuyar da mai tsananin ciwo cikin barci da magani, har sai ya warke. A shekarar 2000 wani gwaji a birnin Shikago, a kan mutum 128, ya girgiza wannan ra'ayi. Rabinsu akan tsayar musu da maganin barci sau ɗaya kowace rana har su farka. Waɗannan suka rabu da na'urar numfashi cikin kimanin kwana 5, sauran kuwa sai da suka wuce kwana 7. A 2008 wani gwaji a kan mutum 336 ya haɗa farkarwar da gwada majinyaci ko zai iya numfashi da kansa, aka tarar cewa a cikin kowane mutum 7 da aka yi wa haka, an ceci ran mutum ɗaya a tsawon shekara. Nas ce ke rage maganin, ita ce kuma ke tsaye a gefen gado sa'ad da mutumin ya buɗe ido cikin firgita da bututu a maƙogwaronsa.

Farkarwar nan ta fito da wata matsala da barci ya ɓoye, watau ruɗewar hankali. Majinyaci yakan rasa sanin inda yake, ya riƙa ganin abin da babu shi, ko ya yi tsit yana kallon sama. A 2001 likita Wesley Ely da abokan aikinsa na Jami'ar Vanderbilt suka fito da wata gajeruwar jarrabawa da nas za ta iya yi cikin minti 2, ko da mutumin ba ya iya magana. Takan karanta masa haruffa, ya matse hannunta duk lokacin da ya ji harafin A, sa'an nan ta yi masa tambayoyi masu sauƙi, kamar ko dutse yana iya yawo a kan ruwa. Da wannan ma'auni aka gano a 2004 cewa kashi 34 cikin 100 na waɗanda suka ruɗe sun mutu cikin wata 6, alhali kuwa a cikin waɗanda ba su ruɗe ba kashi 15 ne. Babu ƙwayar magani da aka tabbatar tana warkar da ruɗewar. Abin da ke taimakawa shi ne a rage maganin barci, a buɗe taga da rana a kashe fitila da dare, a mayar wa mutum tabaraunsa, a riƙa gaya masa ranar da ake ciki, a kuma bar danginsa su zauna kusa da shi.

Bayan an fita da rai

A da, in majinyaci ya bar ɗakin da ransa, sai a ce an yi nasara. Yanzu masu bincike suna bin sa har gida. A 2012 rahoton wani taron masana, wanda likita Dale Needham na Johns Hopkins ya jagoranci rubuta shi, ya raɗa suna ga tarin wahalolin da kan biyo bayan kwanciya a wannan ɗaki: raunin jiki, da mantuwa, da tsoro da baƙin ciki, waɗanda kan shafi har iyalin majinyacin. A 2013 nazarin mutum 821 ya nuna cewa bayan shekara guda, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada suna da raunin tunani irin na mai farkon ciwon mantuwar tsufa, kuma wanda ya fi daɗewa cikin ruɗewa shi ya fi shan wahala.

Saboda haka aka soma tayar da majinyata zaune, har a taka da su, tun suna kan na'ura. Gwajin 2009 a kan mutum 104 ya nuna cewa kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka motsa da wuri sun bar asibiti suna iya yi wa kansu hidima, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 35. To, amma bincike yakan gyara kansa. A 2022 wani babban gwaji da masanan Ostireliya suka jagoranta, a kan mutum 750, ya tarar cewa tsananta motsa jikin fiye da yadda aka saba bai ƙara amfani ba, sai ma ya ƙara ’yan haɗurra. Ma'ana, akwai gwargwado, kuma gane gwargwadon ga kowane mutum aikin wanda ke kusa da shi ne.

An tattara waɗannan darussa cikin tsari guda mai rassa 6, wanda ake kira da haruffan A zuwa F: auna zafin ciwo, farkarwa da gwajin numfashi, zaɓen maganin barci, neman alamun ruɗewa, motsa jiki, da shigar da iyali. A 2019 Brenda Pun, wadda nas ce, da abokan aikinta suka buga nazarin majinyata fiye da 15,000 a ɗakuna 68, suka nuna cewa gwargwadon yadda aka cika rassan, gwargwadon raguwar mutuwa da ruɗewa da ɗaure majinyaci a gado. Abu ɗaya ne ya ƙaru, shi ne ƙorafin zafin ciwo, domin wanda yake farke shi ke iya faɗin inda ke masa ciwo.

Abin da korona ta ƙara koyarwa

Tun a 2013 wani gwaji a Faransa da Sifen ya nuna cewa kifa mai tsananin ciwon huhu rub-da-ciki na awa 16 ko fiye a rana yana rage mutuwa cikin kwana 28 daga kusan kashi 33 cikin 100 zuwa 16. A lokacin annobar wannan ya zama aikin kullum, kuma juya mutum ɗaya mai bututu a baki da jijiya yakan ci ma'aikata huɗu ko biyar. Inda hannuwa suka yi kaɗan, sai sakamako ya lalace. Masana na Bethesda sun nazarci asibitocin Amurka 558 daga Maris zuwa Agusta na 2020, suka ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na mace-macen korona a cikinsu yana da nasaba da cunkoson da ya fi ƙarfin asibitin.

Akwai kuma wani bincike da ya shafi baƙar fata kai tsaye. ’Yar na'urar da ake maƙala wa yatsa domin auna iskar oksijin a jini tana aiki ne da haske mai ratsa fata. A watan Disamba na 2020 masana a Jami'ar Michigan suka nuna cewa a cikin baƙaƙen fata da na'urar ta ce iskarsu ta isa, kusan kashi 12 cikin 100 a gaskiya iskar ta yi ƙasa ƙwarai, a cikin fararen fata kuwa ƙasa da kashi 4. Na'urar tana da amfani matuƙa, kuma ba a ce a yar da ita ba. Sai dai nas mai hankali takan haɗa lambar da ta gani da ƙidayar numfashi da yanayin mutumin.

Ina Afirka ta tsaya

A 2021 mujallar Lancet ta buga nazarin masu tsananin korona 3,140 a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka 10, har da Nijeriya da Nijar. Kashi 48 cikin 100 sun mutu cikin kwana 30, alhali matsakaicin adadi na duniya bai kai kashi 32 ba. A 2025 kuma aka buga wani nazari mafi faɗi, na majinyata kusan 20,000 a asibitoci 180 na ƙasashe 22. An tarar cewa ɗaya cikin kowane 8 yana cikin mawuyacin hali, kuma kashi 69 cikin 100 na irin waɗannan suna kwance ne a ɗakunan kwanciya na gama-gari. Ɗaya cikin biyar ya mutu cikin mako guda, fiye da rabinsu kuwa ba su sami cikakkiyar kulawa ta farko ba.

Kulawar da ake nufi ba mai tsada ba ce. A 2021 masana daga ƙasashe da yawa suka amince da matakai 40 da ya kamata kowane asibiti ya iya yi, kamar auna numfashi da bugun jini a kai a kai, da ba da iskar oksijin, da ƙarin ruwa, da kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada ya shaƙe, da kiran taimako da zarar an ga alamar haɗari. Kusan dukansu aikin ma'aikatan jinya ne. A nan ne kuma matsalar take, domin Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, ga shi kuma ƙwararru suna ta ficewa zuwa Ingila da Amurka, har asibitocin kewayen Washington ma ba su rasa ’yan Afirka ta Yamma a cikin ma'aikatansu.

Duk da haka ƙasar Hausa tana da wani abu da asibitocin Turai da Amurka sai da bincike suka gane darajarsa, watau ɗan'uwa mai zaman jinya wanda ba ya barin gefen gado. In an nuna masa alamun haɗari, aka kuma saurare shi sa'ad da ya zo da gudu, ya zama ƙarin ido ga nas wadda aiki ya yi wa yawa. Hukumar asibiti a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da ke shirin kashe kuɗi a kan na'urar numfashi, ya kamata ta fara lissafa nas nawa za su tsare ta a kowane canjin aiki, da irin horon da suka samu, da kuma ko an ba su izinin cewa a dakata in sun ga ana shirin yin kuskure.